Bilan na watan Afrilu da takardar shaida ta kwana uku: wa muke yaudara a Gaya?

Jama'ar Gaya, duk shekara idan watan Afrilu ya kama, akwai wata kasuwa da ke ci a garin nan wadda ba ta da rumfa, ba ta da sarkin kasuwa. Kasuwar bilan ce. Ranar 30 ga Afrilu ne wa'adin da kamfani ke kai rahoton kuɗinsa na shekarar da ta wuce ofishin haraji, to daga tsakiyar wata sai a tashi haiƙan. Alhaji mai sito uku ya tura yaron gidansa Dosso ko Yamai da leda cike da takardu, wasu na duwan, wasu na tiransite, rabi kuma sun ɓace tun damina. A can wani ya zauna dare biyu ya jera lambobi har gefen dama ya yi daidai da gefen hagu, a buga hatimi, a dawo da ita. Wanda ya rubuta bai taɓa taka sito ba, bai ƙirga dila ko guda ba. Wanda aka rubuta wa ba zai karanta ba. Wai shi ke nan, mun bi doka.

Mu dai mun ce wannan yaudara ce, kuma kanmu muke yi wa kafin mu yi wa gwamnati. Garin da miliyoyi ke kwana a cikinsa, amma kontabul mai horo na gaskiya sai an tona kafin a samu.

Bari mu fara da abin da doka ta ce, don da yawa daga cikinmu sunanta kawai muke ji. Nijar tana cikin OHADA, ƙungiyar ƙasashe 17 da suka haɗa dokokin kasuwancinsu wuri guda tun yarjejeniyar Port-Louis ta 1993. Benin ma tana ciki. Ficewarmu daga CEDEAO a Janairun 2025 ba ta taɓa wannan ba. Ranar 26 ga Janairu 2017, a Brazzaville, aka amince da sabuwar dokar lissafin kamfanoni, wato SYSCOHADA da aka gyara, ta fara aiki 1 ga Janairu 2018. Abin da take nema shi ne a shigar da kowane ciniki a littafi rana-rana tare da takardar da ke tabbatar da shi, a yi ƙidayar kaya da dukiya a ƙarshen shekara, sannan a fitar da takardu huɗu: bilan, wanda ke nuna abin da kamfani ya mallaka da abin da ake bin sa, lissafin riba da asara, jadawalin shigar kuɗi da fitarsu, da bayanan da ke fassara lambobin. Duka a ajiye su shekara 10.

Ƙananan ƴan kasuwa an sauƙaƙa musu. Wanda cinikinsa na shekara bai kai miliyan 60 na sefa ba a harkar saye da sayarwa, ko miliyan 40 a sana'ar hannu, ko miliyan 30 a ayyukan hidima, yana iya tsayawa kan ƙaramin tsari, kuɗin da ya shigo da wanda ya fita. To amma miliyan 60 a shekara, miliyan 5 ke nan a wata. Ku faɗa mana tsakani da Allah, mai sito nawa ne a Gaya cinikinsa bai wuce haka ba a lokacin da gada ke buɗe? Kuma sashe na 111 na dokar ya ce shugaban kamfanin da ya ƙi yin ƙidaya, ko ya gabatar da lissafin da ya san ba gaskiya ba ne, ya yi laifin da ake hukuntawa. Idan ta ɓaci, ba mai buga na'ura a Yamai za a fara nema ba. Alhajin da ya sa hannu za a nema.

Amma ba tsoron kotu ne ya sa muka ɗauki alƙalami ba. Shekarun nan da suka wuce ne.

A watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Gaya kuwa kowa ya sani, rayuwarta kayan da ke shigowa daga tashar Kwatano ne su zauna a sito su wuce Kamba, gwanjo ne, atamfa ce, shinkafa ce. Kaya suka kwanta, bashi ya kwanta. Ba mu gama miƙewa ba sai ga 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya biyo baya, aka rufe gadar da ke tsakaninmu da Malanbil. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, gada ba ta buɗe ba. Kwantena suka yi watanni a tasha kuɗin jira na hawa kansu, wasu kaya aka zagaya da su ta Lome da Burkina, wasu suka koma kwale-kwale. Asara aka yi, asara ta gaske. To a cikin waɗanda suka yi ta, mutum nawa ne ke iya nuna ta a takarda?

Nan fa matsalar take. Dokar lissafi ta yarda kayan da darajarsu ta faɗi a rage musu kima a littafi. Ta yarda bashin da ake shakkar biyansa a ware masa tanadi. Dokar haraji ta yarda kamfanin da ke tsarin lissafi na gaskiya ya ɗauki asarar bana ya rage ta daga ribar shekaru masu zuwa. Duk waɗannan haƙƙi ne, ba alfarma ba. Amma sai mai littafi ke cin su. Wanda ba shi da littafi, ko littafinsa aka duba aka ga ƙirƙira ne, ma'aikacin haraji na da ikon ya yanka masa da ƙiyasi. Da me zai yi ƙiyasin? Da takardun duwan, da girman sito, da tirelolin da aka gani a ƙofa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai idon ba ya ganin dilolin da ruwa ya ɓata ko abokin cinikin da ya gudu da kuɗi. Mutum ya yi asara, a caje shi kamar ya ci riba, ya fito yana Allah ya isa. Alhali da akwai yaro guda da ya iya aiki a sitonsa, da da abin da zai ɗora kan tebur.

Ga kuma maganar canji, wadda ita ta fi cin mutane ba su sani ba. A ce ka ba abokin cinikinka na Kamba kaya bashi a watan Mayu 2023, kuka yi magana da naira. A lokacin dalar Amurka (ba dalarmu ta tamma biyar ba) tana kusan naira 460 a farashin hukuma, kusan 750 a wajen ƴan canji. Ya zo ya biya ka a Fabrairu 2024, dalar ta haura naira 1,500. Sefa kuwa tana ɗaure da yuro, 655.957, ba ta motsa ba. Ya biya ka cif, ko kobo bai rage ba, ya cika amana. Kai kuma ka karɓi kusan rabin kuɗinka. A littafin yaron gida an rubuta "ya biya", an ja layi. A littafin kontabul akwai gida na musamman na asarar canji, kuma tun ƙarshen Disamba zai gaya maka bashin nan ya fara narkewa, ko ka karɓa yanzu ko ka juya shi zuwa sefa. Attajirai nawa ne jarinsu ya zube ta wannan ƙofa suna cewa kasuwa ce ba ta ci?

Mun san amsar da za a ba mu, mun sha jin ta a majalisa. Na farko, wai kasuwancinmu na amana ne, iyayenmu ba su san bilan ba kuma sun yi arziki. Gaskiya ne sun yi. Amma iyayenmu ba su yi hulɗa da banki da kamfanin jiragen ruwa da na'urar duwan ba. Kuma ba Bature ne ya fara cewa a rubuta bashi ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Zakkar kayan ciniki ma ba ta fita daidai sai an ƙirga kaya, an san abin da ake bin ka da wanda kake bi. Amana da rubutu ba kishiyoyi ba ne. Ku duba abin da ke faruwa idan maigida ya rasu: lissafi duka a kansa yake, an binne shi da shi. Masu bin bashi su zo da shaidu, waɗanda ake bi su yi tsit. Yaran gida kowa ya san inda wani abu yake amma ba mai faɗa. Kafin a raba gado, gidan da ya yi shekara talatin yana ciniki ya watse, marayu su tashi da fili da tsohuwar mota. Ba sai mun kama suna ba, kowace unguwa da nata labarin.

Na biyu, wai idan ka rubuta gaskiya ka kira lanho da hannunka. Wannan tsoro ba a banza yake ba, ba za mu yi kamar ba mu san yadda wani lokaci ake yi wa mai gaskiya ba. Sai dai ɓoyon ya daina aiki. Kayanka sun bi ta duwan da lambar NIF ɗinka, na'ura ta riƙe. Gwamnati ta shigo da faktir mai tabbaci, wadda na'urarta ke aika bayanin ciniki kai tsaye ga hukumar haraji. Wato su sun riga sun san rabin labarinka, rabin da ke nuna kuɗi sun shigo. Rabin da ke nuna abin da ka kashe da abin da ka rasa, kai kaɗai ke iya kawo shi. Wanda ya ƙi riƙe littafi don gudun lanho ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Kuma ƙofofin da muke kuka an rufe mana, da wannan makulli ake buɗe su. Banki ba ya ba da bashi mai nauyi sai ya ga bilan na shekaru a jere, ya ga sun yi daidai da abin da ke shiga asusunka. Kwangilar gwamnati sai da RCCM, da NIF, da takardar ARF mai nuna ba a bin ka haraji. Manyan kamfanoni ma haka suke tambaya. Bututun man da ya taso daga Agadem zuwa Seme, kusan kilomita 2,000, ta ƙasarmu ya tsallaka zuwa Benin. Idan irin wannan aiki ya zo aka ba kamfanin Yamai ko na waje jigila da kawo kaya, sai mu ce an ware ƴan gari. Wani lokaci an ware ɗin. Wani lokaci kuwa an nemi takardu ne ba mu da su. Har wani mai bincike ɗan Suwizalan, Olivier Walther, ya zauna ya yi nazarin manyan ƴan kasuwar Gaya da Malanbil da Kamba, ya fitar da littafi a 2008. Baƙo ya zo ya rubuta harkarmu, mu masu harkar ba mu rubuta ba.

To yanzu mu juyo kan ɗaya kasuwar, wadda ta fi ba mu haushi, don ita matasanmu take ci.

Kun sha ganin tallar a WhatsApp: ka zama ƙwararre a SYSCOHADA cikin kwana uku, ka iya bilan cikin mako guda, akwai takardar shaida. A kama ɗaki, a kawo majigi, a sha lemo, a ɗauki hoto kowa riƙe da takarda mai zanen zinariya a gefe. Yaro ya biya jikkunan da uwarsa ta tara. Ku karanta abin da aka rubuta a kan takardar: shaidar halarta ce. Ma'anarta ya zo ya zauna. Ba ta ce an jarraba shi ba, ba ta ce ya ci ba, ba hukumar da ta san da ita. Ka ba shi takardun kwantena guda, kuɗin saye, kuɗin jirgi, inshora, duwan, tiransite, mota, ƴan dako, ka ce ya fitar maka da nawa dila ɗaya ta tsaya maka a sito, sai ka ga zufa. Irin wannan yaro ne Alhaji zai ɗauka ya gwada wata biyu, ya ga shirme, ya kore shi, sannan ya rantse ƴan boko ba su san komai ba. Mai sayar da takardar ya ci kuɗinsa ya wuce wani gari, ya bar mana ɓatancin sana'a.

Ba mu ce gajeren horo haramun ne ba. Wanda ya riga ya iya aiki, kwana uku na isar sa ya san abin da ya canza a dokar kuɗi ta bana. Amma kwana uku ba ya mai da wanda bai san zare da abawa ba kontabul.

Sana'ar nan tana da tsani, kuma sananne ne. Akwai CAP na mataimakin kontabul, akwai BEP, akwai bak G2, akwai BTS na gwamnati shekara biyu bayan bak, akwai lisans da masta. Can sama akwai DECOFI, babbar takardar ƙwararren kontabul da UEMOA ta kafa a shekarar 2000, wadda sai mutum ya yi shekara uku yana koyon aiki a ƙarƙashin ƙwararre kafin jarrabawar ƙarshe. Akwai kuma ONECCA, ƙungiyar da doka ta kafa a 2003, wadda duk mai son buɗe ofis ya riƙa riƙe wa mutane lissafi dole sunansa ya kasance a jerinta. Kafin ka ba mutum takardunka, tambaye shi: sunanka na cikin jerin? Idan ya fara kame-kame, ɗauki ledarka. Mai suna a jeri yana da abin da zai rasa idan ya sa hannu kan ƙarya. Mai bilan na dare biyu ba shi da komai, ko sunansa ba ya sawa.

Gaya ba ta buƙatar mai DECOFI a kowane sito. Abin da take buƙata shi ne matasa masu yawa a matakin ƙasa da na tsakiya, waɗanda suka iya shigar da ciniki kullum, suka iya katin kaya, suka iya daidaita littafi da takardar banki, suka iya na'urar faktir, sannan ƴan ƙwararru kaɗan da ke zagayawa suna duba aikinsu. Wannan matakin ne babu, kuma nan ne muke da magana da hukuma.

Gwamnati ta iya nema. Ofishin duwan na Gaya na cikin manyan ƙasar nan, kuɗin da ya tara wa baitulmali shekara da shekaru ba kaɗan ba ne. Kamfanoni na biyan harajin koyon sana'a, kuma akwai asusun FAFPA da aka kafa don horar da ma'aikata da masu koyo. An kafa jami'a a Dosso tun 2014. Amma yaron Gaya mai son karatun lissafin kamfani da gaske, hanyar da ya fi sani ita ce Yamai, kusan kilomita 300, ko Tawa, ko Maraɗi, da kuɗin haya da na abinci. Wanda ya je ya gama kuwa da wuya ya dawo, banki ko ƙungiyar agaji ta riƙe shi. An kawo mana doka, an kawo na'ura, an kawo tara, malamin ne ba a kawo ba. Idan za a ci mutum tara don bai cika takarda ba, adalci ne a ce akwai inda zai koya kusa da shi.

Ga harshe kuma. Littattafan lissafin nan duka da Faransanci suke, alhali mafi yawan masu kuɗin garin nan allo suka yi, ciniki kuma da Hausa da Dendi da Zabarmanci ake yin sa. Kundin da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Madalla. To a fara da nan: a fassara jerin asusun SYSCOHADA, a yi ɗan littafin bayani da maigida zai iya karantawa ko a karanta masa, da boko da ajami. Ba muna cewa Alhaji ya koma aji ya zama kontabul ba. Muna cewa ya iya duba shafi biyu ya tambayi yaronsa, wannan lambar daga ina? Maigidan da bai iya wannan tambaya ba, ko an kawo masa ƙwararre, ya dai canza wanda zai cuce shi ne.

Wani abu kuma da masu tsara karatu a Yamai ba sa tunawa: mu iyaka biyu gare mu. Najeriya ba ta cikin OHADA. Tun 2012 ta fara bin ƙa'idojin duniya na IFRS, tana da hukumarta ta sa ido kan rahoton kuɗi da aka kafa a 2011, tana da ICAN tun 1965, tana da ANAN. TVA a wajenmu kashi 19 ne, a Benin 18, a Najeriya 7.5. Yaranmu da suka yi karatu a Birnin Kabi ko Sakkwato suna dawowa da ilimi mai kyau amma ba su san lambobin asusun OHADA ba. Na Yamai sun san su, amma ka miƙa musu takardar kamfanin Kano sai su tsaya kallo. Gyaran 2017 ya matso da tsarinmu kusa da IFRS, don haka tazarar ba ta kai yadda ake zato ba, watanni kaɗan na karatu mai jarrabawa za su haɗa ta. Kontabul mai tsari biyu da harshe uku, a Gaya ya kamata a ƙera shi, don nan ne ake neman sa kullum.

Abin da muke nema bai fi ƙarfin kowa ba. Ƙungiyoyin ƴan kasuwar Gaya su zauna da reshen zauren kasuwanci na Dosso su nemi cibiyar CGA a cikin gari, irin cibiyar da ke riƙe wa ƙananan kamfanoni lissafi a ƙarƙashin ƙwararre, wadda doka ta tanadi sassaucin haraji ga mambobinta. A buɗe ajin dare na mataimakin kontabul wanda ke ƙarewa da jarrabawar gwamnati, FAFPA ta ɗauki wani kaso, attajirai su ɗauki wani. Ƴan mata su shiga, don aikin nan ba ya son ƙarfi, natsuwa yake so. Duk mai zuwa ya yi horon kuɗi a gari, magajin gari ya tambaye shi izininsa da wanda ya san takardarsa kafin a ba shi ɗaki.

Su kuma iyayenmu attajirai, Allah ya ƙara arziki, magana ɗaya: kontabul ba yaron aike ba ne. Ba a ɗaukar mai BTS a ba shi abin da ake ba mai gadi, a aike shi sayen ƙanƙara, a hana shi ganin takardar banki, sannan a ce ya fitar da lissafi. Kuɗin da kuke kai wa mai bilan na dare biyu, da tarar da kuke biya bayan an gano, da abin da ke zuba ta canji, ku haɗa su ku gani ko ba su biya albashin shekara ba. Mai son bilan ɗin Afrilu mai zuwa ya zama nasa na gaskiya, ranar 31 ga Disamba zai rufe ƙofar sito ya ƙirga dila ɗaya bayan ɗaya, kuma yaron da zai riƙe masa biro a ranar, yanzu ya kamata a sa shi aji.